Haɗa PRP daga jinin ɓeran gwaji: juyi ɗaya ko biyu, sabo ko na firiza?

Kafin a ɗauki sirinji don haɗa PRP, wato ruwan jini mai yawan filatilet, mai bincike ya fara amsa wa kansa tambaya guda: filatilet masu rai yake so, ko kuwa abin da ke cikin cikinsu? Wanda zai auna yadda waɗannan ƙwayoyin daskarar da jini ke manne wa juna idan an tsokane su, yana bukatar su a kwance ba su farka ba, kuma awoyi kaɗan ne a hannunsa. Wanda zai zuba ruwan a kan rauni, ko karyayyen ƙashi, ko ya ciyar da ƙwayoyin halitta a faranti, abin da yake nema shi ne sinadaran haɓaka nama da ke ƙunshe a 'yan jakunkunan filatilet, irin su PDGF da TGF-β1 da VEGF da EGF. Shi kam ko sun fashe bai yi asara ba. Maganin da za a sa wa jinin, da ƙarfin juyin da za a yi masa a na'urar wulwula jini (centrifuge), da wurin da za a ajiye shi, duk a kan wannan amsa suke rataye.

Jinin ɓera ba jinin mutum ba ne

PRP shi ne ruwan jini, wato filasma, da aka tara filatilet a cikinsa fiye da yadda suke a jinin asali. Robert Marx, wanda aikinsa na 1998 kan dashen ƙashin muƙamuƙi ya sa abin ya yi suna, ya ba da ma'auni a 2001: filatilet miliyan ɗaya a kowace maikurolita. Ga ɗan Adam, mai 150,000 zuwa 450,000, wannan ninki ne sosai. Amma ƙaramin ɓera na gwaji, nau'in da Turawa ke kira mouse, jininsa tun daga jijiya yana ɗauke da kusan miliyan ɗaya ko fiye, babban ɓera kuma, nau'in da suke kira rat, bai yi ƙasa da haka da yawa ba. Idan aka bi ma'aunin Marx, jinin ɓera ya cika sharaɗi tun ba a yi masa komai ba. Saboda haka a nan da ninki ake magana: sau nawa PRP ɗin ya fi jinin dabbar da aka ɗebo shi daga gare ta. Wanda bai ƙirga filatilet na jinin farko ba, ba shi da bakin cewa ya tara wani abu.

Filatilet na ƙaramin ɓera sun fi na mutum ƙanƙanta, girmansu wajen rabi ne, kuma kwana 4 zuwa 5 suke yi a jiki maimakon 8 zuwa 10. Na'urar ƙirga ƙwayoyin jini da aka saita don mutum takan zubar da ƙananan cikinsu a matsayin datti, don haka a nemi mai saitin dabbobi, kuma a tsarma PRP kafin ƙirga saboda yawan yakan wuce iyakar na'urar.

Sai maganar yawa. Ƙaramin ɓera mai giram 25 duka jininsa bai wuce mililita 1.5 zuwa 2 ba, kuma hannun da ya ƙware yakan samu 0.6 zuwa 1 a ɗiban ƙarshe. Babban ɓera mai giram 300 yana da wajen mililita 19, ana iya samun 8 zuwa 10. Idan dabbar za ta ci gaba da rayuwa, ba a wuce kashi 10 cikin 100 na jininta a ɗiba ɗaya, sannan a ba ta makonni biyu ko uku ta mayar. Ga ƙaramin ɓera wannan bai kai mililita 0.2 ba, abin da za a tace daga ciki 'yan ɗigo ne. Shi ya sa yi wa ƙaramin ɓera magani da PRP na jikinsa kusan ba ya yiwuwa. Mafita ita ce a ware wasu dabbobi su zama masu ba da jini, daga zuri'a mai gado iri ɗaya kamar C57BL/6 ko BALB/c, ko Lewis da Fischer 344 a manyan ɓeraye, a haɗa jininsu wuri guda. Wistar da Sprague-Dawley ba iri ɗaya ne gadonsu ba. Idan an zuba wa ɗaya PRP na ɗan'uwansa, musamman mai fararen ƙwayoyin jini, garkuwar jiki na iya tashi ta rikita sakamakon.

Inda za a ɗebi jinin

Duk wannan ana yin sa ne da amincewar kwamitin kula da dabbobin gwaji, dabbar kuma tana cikin barci mai zurfi, da isofuluren ko haɗin ketamin da zailazin. Babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya ta cikin ciki ita ce ta fi ba da jini mai tsabta: ana ganin ta da ido, allura na shiga sau ɗaya, jinin ba ya gauraya da ruwan nama. Sukar zuciya ta fi sauri kuma ba sai an buɗe ciki ba, amma allurar na ratsa tsoka, kuma idan aka yi ta laluben wuri, sinadarin nama mai kunna daskarewa zai biyo jinin. Ga mai neman sinadarai kawai sukar zuciya ta wadatar idan an dace a karon farko. Ga mai auna aikin filatilet jijiyar ciki ce zaɓi. Yankan wutsiya da tatsar ta bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan, domin filatilet sun gama farkawa kafin su isa kwalba.

Allura mai lamba 25 ko 23 ga ƙaramin ɓera, 21 ga babba. A zuba maganin hana daskarewa a cikin sirinjin tun kafin suka, a ja a hankali ba tare da kumfa ba, a cire allurar kafin a juye jinin, a juye shi ta gefen bututun roba. Gilas yana kunna daskarewa. Jajayen ƙwayoyin da suka fashe saboda jan ƙarfi suna sakin wani sinadari mai suna ADP, shi kuwa ADP farkar da filatilet yake yi. Duk jinin da aka ga ɗan guda a cikinsa, a ware shi, kada a haɗa shi da na sauran.

Maganin hana daskarewa: huɗu ne, biyu ne na aiki

Sodiyam sitiret mai ƙarfin kashi 3.2 ko 3.8 cikin 100 yana kama kalsiyam na jini, kuma idan aka mayar da kalsiyam daga baya daskarewa za ta dawo. Ana sa kashi ɗaya ga kashi tara na jini. Shi ne na gwajin mannewar filatilet kai tsaye a cikin filasma. Matsalarsa a ƙaramin ɓera ita ce lissafi: an zuba mililita 0.1 ana sa ran 0.9 na jini, sai aka samu 0.5. Yanzu sitiret ya yi yawa, kalsiyam ya ragu fiye da kima, filatilet za su yi sanyin jiki a gwaji, mutum ya zaci dabbar ce ke da matsala. Gara a fara da 0.05, a cika daidai bayan an ga abin da aka samu.

ACD haɗi ne na sitiret da ruwan tsamin sitirik da gulukos. Nau'in A yana da giram 22 na sodiyam sitiret, giram 8 na tsamin, da giram 24.5 na gulukos a lita ɗaya, kuma ana sa wajen kashi ɗaya ga kashi shida ko bakwai na jini. Tsamin yana saukar da pH, wato ma'aunin tsami, filatilet kuma a cikin ɗan tsami ba sa saurin mannewa. Wannan ne ya sa ACD ya fi dacewa da juyi biyu, inda za a danne su a gindin bututu sannan a sake warwatsa su. Amma wannan kwanciyar ita ce kuma aibinsa ga mai auna mannewa: sai ya wanke su ya mayar da su cikin ruwan Tyrode, wani haɗin ruwan gishiri na gwaji, mai pH 7.3 zuwa 7.4 tukuna.

Hefarin ana amfani da shi a wasu hanyoyin wanke filatilet na ƙaramin ɓera, amma ga PRP na magani yana kawo cikas uku. Yana iya sa filatilet su dunƙule da kansu, yana kama sinadarai irin su VEGF, kuma ƙara kalsiyam ba zai sa ruwan ya yi kauri ya daskare ba. EDTA kuwa yakan ba da adadi mai kyau a ƙirga, shi ya sa yake yaudarar mutane. Yana kumbura filatilet su zama kamar ƙwallo, yana kuma lalata maƙalar da suke riƙe juna da ita. A bar shi ga ɗan ɗigon da za a kai wa na'urar ƙirga.

Juyi ɗaya ko biyu

A nan ne rubuce-rubuce suka fi saɓa wa juna, kuma rabin saɓanin daga rubuta rpm (yawan zagaye a minti) ne maimakon g (ƙarfin juyin). Yawan zagaye a minti ba ya faɗin ƙarfin da ke kan jinin sai an san nisan bututun daga tsakiyar na'urar. Lissafin shi ne: g daidai yake da 0.00001118 sau nisan a santimita sau rpm sau rpm. Zagaye 1,500 a na'ura mai nisan santimita 8 yana ba da kusan g 200. Wannan zagayen a na'ura mai nisan santimita 15 ya kai g 377, wanda zai sauke filatilet da yawa cikin jajayen ƙwayoyi. Mutum biyu sun bi rubutu ɗaya, ɗaya ya samu PRP, ɗaya ya samu ruwa fayau.

Juyi ɗaya shi ne a wulwula jinin a g 100 zuwa 200 na minti 8 zuwa 10, a digiri 20 zuwa 24, birkin na'ura a kashe. Jajaye su sauka, fararen ƙwayoyi su yi siririn layi a kansu, filasma mai gizo-gizon filatilet ta tsaya a sama. Na'ura mai kwanduna masu lilo ta fi mai tsayayyen kusurwa, don layin yakan kwanta daidai maimakon ya karkace. A ɗebi saman da bakin fifet, wato bututun tsotsar ruwa, da aka yanke ya yi faɗi. Alfanun wannan hanya shi ne filatilet ba su sha wahala ba. Iyakarta kuma lissafi ne mai sauƙi: filasma wajen rabin jini ce ko ɗan fiye, don haka ko da ba a rasa ko ɗaya ba, ninkin ba zai wuce biyu ba. Duk wanda ya ce ya samu ninki biyar da juyi ɗaya mai laushi, a tambaye shi yadda ya ƙirga.

Jinin ƙaramin ɓera yana da tasa wahalar. Mililita ɗaya a ƙaramin bututu ba ta ba da tsawon da za a ɗebi saman ba tare da tsotso ja ba. Ana tsarma shi da ruwan Tyrode ko ruwan gishiri daidai da yawansa kafin juyi, wasu kuma su sake zuba ruwan a kan jajayen su juya karo na biyu don kwato ragowar. Adadi yana ƙaruwa, amma filasmar ta tsarmu, abin da ke cikinta kamar fibirinojin, furotin da ke zama zaren gudan jini, da sinadarin haɓaka nama na IGF-1 ya ragu. Wanda zai yi daskararren PRP don cike rami a ƙashi zai ga bambancin, domin daskarewar za ta yi ruwa-ruwa.

Juyi biyu shi ne a ɗauki wancan saman a sake wulwula shi a g 800 zuwa 1,000 na minti 10. Filatilet su taru a gindi kamar farin tabo, saman ya zama filasma marar filatilet da yawa, wadda ake kira PPP. A kwashe mafi yawanta a ajiye, a warwatsa tabon a cikin ragowar. Misali, mililita 10 na jinin babban ɓera mai 900,000 a maikurolita tana ɗauke da filatilet biliyan 9. Idan rabi ne suka tsira aka mayar da su cikin mililita ɗaya, an samu miliyan 4.5 a maikurolita, ninki biyar ke nan. Mai aikin ne ke zaɓar ninkin ta hanyar yawan ruwan da ya bari, kuma wannan shi ne babban dalilin fifita juyi biyu a gwajin magani: ana iya daidaita kowane zubi ya zo da adadi ɗaya.

Farashin da ake biya shi ne farkawa. Filatilet da aka matse jiki da jiki sukan fara sakin abin cikinsu, tabon ya ƙi warwatsuwa, ya bar 'yan dunƙule. Sinadaran da suka fita suna tafiya cikin PPP da aka kwashe. Abin da ke rage wannan: ACD, da barin tabon ya huta minti 10 zuwa 15 kafin a taɓa shi, da warwatsa shi da fifet a hankali ba da na'urar girgiza ba. Masu gwajin aikin filatilet sukan ƙara furostasaikilin, mai hana filatilet farkawa, kafin juyi na biyu, wanda ƙarfinsa ke gushewa cikin 'yan mintuna, sai su jira rabin awa kafin gwaji, wasu kuma su haɗa da afirez mai cinye ADP. Idan PRP ɗin jikin dabba zai shiga, a yi tunani sau biyu kafin ƙara waɗannan, don su ma magunguna ne masu aiki a jijiyoyi.

Akwai kuma zaɓin farin layin. Rabe-raben da Dohan Ehrenfest da abokan aikinsa suka fitar a 2009 ya bambanta PRP mai fararen ƙwayoyi da marar su. Kwasar layin na ƙara adadin filatilet, don manyansu a nan suke taruwa, amma yana jawo fararen ƙwayoyi da ɗan ja. Abin lura shi ne yawancin fararen ƙwayoyin ɓera limfosait ne, na mutum kuwa nutirofil suka fi yawa, don haka sakamakon wannan nau'in a ɓera ba ya fassara kai tsaye zuwa mutum. Wanda ke son marar su sai ya bar milimita ɗaya ko biyu a saman layin, ya ƙara ɗan juyi a g 100 na minti 5 don share ragowar.

Ajiya

Idan masu rai ake so, wuri ɗaya ne: zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 24, bututun roba a rufe, a yi aiki da su cikin awa 2 zuwa 4 daga ɗibar jini. Rufewar na da dalili, domin idan iskar kabon ta fice pH na hawa, halin filatilet ya canza. Bankunan jini suna ajiye filatilet na mutum kwana 5, wasu har 7, amma a jaka ta musamman mai shaƙar iska ana kaɗa ta dare da rana. Ƙaramin bututu a kan tebur ba haka yake ba: iska ta ƙare, tsami ya taru, ga haɗarin ƙwayoyin cuta. Gwaji mai sauƙi shi ne a ɗaga bututun a haske a ɗan karkaɗa. Lafiyayyun filatilet masu siffar faifai suna yin wani walƙiya mai murɗawa kamar hayaƙi a ruwa. Idan babu shi, siffarsu ta canza.

Firji shi ne kuskuren da hannu ke yi da kansa, don kusan komai na ɗakin gwaji a kan ƙanƙara ake ɗora shi. Ƙasa da digiri 15 zoben da ke riƙe siffar filatilet yana wargajewa, su dunƙule su fito da 'yan ƙafafu. Murphy da Gardner sun nuna a 1969 cewa waɗanda aka ajiye a digiri 22 sun fi na digiri 4 daɗewa a jiki bayan ƙarin jini. A 2003 Hoffmeister da abokan aikinta, da ɓeraye suka yi aikin, sun nuna dalilin: sanyi na tattara wani furotin mai suna GPIbα a fuskar filatilet, sai ƙwayoyin hanta su gane su su cinye. Firji bai bar su a kwance ba, bai kuma fasa su gaba ɗaya ba. Sai dai idan ajiyar sanyi ita ce abin da ake bincike a kai, ba shi da gurbi a nan, kuma na'urar juyi ma a kashe sanyinta.

Firiza tana fasa filatilet. Abin da aka narkar ba PRP mai rai ba ne, ruwan abin cikinsu ne, kuma da wannan sunan ya kamata a rubuta shi. Ga mai neman sinadarai wannan hanya ce mai kyau, har ta fi sabo sauƙin daidaitawa: a haɗa na dabbobi da yawa rana ɗaya, a ƙirga, a raba a ƙananan bututu na maikurolita 50 zuwa 100, kowace dabbar gwaji ta samu abu iri ɗaya daga farkon aiki har ƙarshe. Digiri 80 ƙasa da sifili yana riƙe sinadaran tsawon watanni. Digiri 20 ƙasa da sifili na ɗan lokaci ne, kuma firiza mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba ta dace ba, don zafinta hawa da sauka yake. A narkar da sauri a ruwa mai digiri 37. Narkewa a hankali a firji tana sa fibirinojin ya kwanta ya yi farin zare. Bututun da aka narkar ba ya komawa firiza.

A cikin hanyar firiza ma akwai rassa biyu. Na farko, fasawa da gangan: a ƙanƙarar a narkar sau biyu ko uku, a juya da ƙarfi don sauke ɓaraguzai, a tace ta matata mai maikuromita 0.22. Wannan na fito da komai, har abin da filatilet ba sa saki a jiki, kuma fibirinojin na nan. Shi ya sa idan aka zuba shi a abincin ƙwayoyin halitta mai kalsiyam yakan daskare, sai an ƙara hefarin wajen yunit 2 a mililita. Na biyu, farkar da su tukuna: a ƙara kalsiyam kulorayid ya kai milimola 20 zuwa 25 a lita, a bari a digiri 37 na rabin awa zuwa awa ɗaya, guda ya haɗu ya tsuke, a juya a ɗebi ruwan a kai firiza. Wannan ya fi kusa da abin da ke faruwa a rauni, kuma ba ya sake daskarewa. Turombin, furotin da ke daskarar da jini, ya fi kalsiyam sauri, amma idan na shanu ne baƙon furotin ne a jikin ɓera. Mai auna TGF-β1 ya tuna yawancinsa a ɗaure yake fitowa, sai an kwance shi da tsami kafin gwajin auna furotin na ELISA ya gan shi.

Ajiye filatilet a firiza su tashi da ɗan rai yana yiwuwa da DMSO, sinadarin da ke kare ƙwayoyi daga ƙanƙara, kashi 5 zuwa 6 cikin 100 a digiri 80 ƙasa da sifili, hanyar da Robert Valeri ya gina don filatilet na mutum. Suna fitowa rabi a farke, an rasa wasu, ga DMSO da sai an cire. Da 'yan ɗigon da ake samu daga ɓera, asarar wankewa ta fi ribar. Busarwa a sanyi zuwa gari tana riƙe sinadarai, amma na'ura take bukata kuma ba ta dawo da rai.

Kowace hanya aka bi, PPP da aka kwashe kada a zubar. Ita ce ma'aunin kwatanci, don ita ke nuna ko sauƙin da aka gani daga filatilet ne ko daga filasma kawai. Ta fito daga dabbobi ɗaya, da magani ɗaya, a sake juya ta a g 2,000 na minti 15 don share ragowar filatilet, a raba ta a bututu iri ɗaya, ta shiga firiza rana ɗaya da PRP ɗin. A ɗebe maikurolita 20 na jinin farko da na PRP don ƙirga, idan kuma akwai na'urar tantance ƙwayoyi a duba furotin CD62P a fuskar filatilet, wanda ke nuna yawan waɗanda suka farka tun kafin a nemi su farka.